Azumi Sittin da Ya Ƙi Cika

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Mayu na shekarar 1955, ana azumi na goma sha tara, da ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma bisa ga agogon aljihuna, ina zaune a tsakar gidana da ke Dukawuya. Mu uku ne a wurin: ni, da maiɗakina Hauwa, da 'yarmu Saudatu, wadda ta zo mana kwana biyu daga gidan mijinta a Mandawari. A wannan lokaci ne na faɗi maganar da ta jefa Hauwa cikin ciwo har wata uku. Na rubuta wannan labari domin ya zama gargaɗi, musamman ga magidanta masu ɗan karatu irina, waɗanda iyalinsu suke ɗaukar maganarsu tamkar yankan wuƙa.

Hauwa tana durƙushe a gindin murhu. Ta ɗebo miyar kuka da ludayi, ta ɗiga a tafin hannunta, ta kai harshe.

Na ce, "Kin haɗiye."

Ta waiwayo tana dariya. "Haba Malam, gishiri nake ji. Jiya kai ne ka ce ya yi yawa."

"Na ce kin haɗiye. Wanda ya ci da gangan a watan azumi, kaffararsa sittin a jere. In ya katse, ko da a kwana na hamsin da tara ne, sai a koma farko."

"To ai ni shekara arba'in haka nake yi."

"Sai ki san abin da ke kanki ke nan."

Saudatu ta ce, "Baba, don Allah..." Na ɗaga mata hannu na katse ta. Hauwa ta ajiye ludayin a kan faifai a hankali. Ba ta musa ba, ba ta kuma sake dariya ba.

Ya kamata mai karatu ya san ko wane ne mai maganar. Ubana fatake ne na goro. Ina ɗan shekara tara ya bar ni hannun maimasaukinsa a wani gari na bakin kogi a Kudu, inda aka sa ni makarantar mishan har shekara biyar. Ban bar addinina ba, amma na ɗauko halinsu. Baturen da ya koya mana rubutu yana da ƙa'ida guda: in tawada ta ɗiga a shafi, ko a layin ƙarshe ne, a yage shafin a sake daga farko. Da wannan ƙa'ida na yi aikin akawu shekara talatin da ɗaya a wani kamfanin fata, ba a taɓa dawo mini da takarda ba. Da ita kuma na riƙe gidana. Karatun addini kuwa sai da na tsufa na koma masa, ni kaɗai a zaure da littafi, domin ina ganin zama gaban malaman unguwa ɓata lokaci ne, tun da ba su da agogo, darasi ɗaya kuma sai su yi mako a kansa.

Hauwa ba baƙuwar azumi ba ce. Tun da ta daina haihuwa take yin na Litinin da Alhamis, kuma a waɗannan ranaku ne ta fi sakin fuska. Takan zauna da mazarinta tana kaɗi, tana yi wa jikoki tatsuniya, takan ce jikinta ya yi mata sakayau, zuciyarta ta kwanta. Saboda haka da ta ɗaura niyyar sittin kashegarin Ƙaramar Salla, ban ga abin damuwa ba. Har na yaba mata a raina.

Ta samo ƙwallon dabino sittin ta zuba a tsohuwar tasa, ta ajiye ƙwarya a gefe. Duk ranar da ta kai azumi, sai ta jefa ɗaya a ƙwaryar.

Mako na farko ba abin da ya faru, sai dai ta rage magana. A mako na biyu, kwana na sha ɗaya, ina karatu da hantsi na ji ƙarar ƙwallayen dabino, an juye su cikin tasa. Na leƙa na tambaya. Ta ce wajen kurkurar baki a alwalar asuba ta ji kamar ruwa ya wuce.

Na ce, "Kin tabbata?"

Ta ce, "Ban tabbata bai wuce ba."

Na ce, "To," na koma zaure. Wannan "to" ɗin yana cikin abin da nake neman gafara a kansa.

Bayan kwana shida ta sake juyewa, wai ɗigon ruwan sama ya faɗo mata a leɓe tana kwashe shanya. Daga nan ƙarar tasar nan ta zama abin da kunnena yake jira. Ta daina haɗiye yawu. Ta ajiye kasko kusa da ita tana tofarwa, har leɓunanta suka tsage. Ta daina girki da rana don tsoron tururi, sai Saudatu ta nemi izinin mijinta ta dawo gida. Ta bar kaɗi, wai ƙurar auduga tana shiga maƙogwaro. In an sha ruwa ba ta iya cin abin kirki, loma uku sai ta ture akushi, ta ce wanda ake bi azumin shekara arba'in bai ga ta ƙoshi ba. Barci ya ƙaurace mata. Da safe sai a ga sawunta ya zagaye tsakar gida, daga rijiya zuwa bakin rumbu, daga bakin rumbu zuwa rijiya. Ba ta iya zama wuri ɗaya gwargwadon a karanta Fatiha. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa ƙwarya, ta ƙirga, ta koma, ta sake dawowa ta ƙirga. Ni ma na kasa karatu. Ina buɗe littafi, kunnena yana cikin gida.

Duk da haka, a mako na shida ƙwallayen suka kai ashirin da uku, muka fara sa rai. A ranar ne yayarta Delu ta zo daga Ƙofar Mazugal. Yaya Delu mace ce mai murya, ba ta taɓa shakkata ba. Ta dubi ƙanwarta, ta tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Malam Akawu, wannan ƙashin ne ƙanwata? Ka iya ƙirga fatun awaki, ka kasa ƙirga haƙarƙarin matarka?"

Na ce mata ibada take yi.

"Ibada! Mu ma muna yi, ba mu zama tsinke ba. Wannan iska ce ta taɓa ta. A kira 'yan bori su yi mata girka."

Na ce muddin ina numfashi ba za a buga garaya a gidana ba. Muka daidaita a kan hayaƙi. Ta kwance ƙullinta, ta zuba saiwoyi a garwashi, ta lulluɓe Hauwa da zane tun kafin kowa ya yi tunani. Hauwa ta fizge zanen tana tari, tana kuka, tana cewa, "Ya shiga! Yaya, kin karya mini!" Ta rarrafa ta ɗauki ƙwaryar ta juye. Kwana ashirin da uku suka tafi a banza. Yaya Delu ta zauna daɓas a ƙasa, ita ma ta fashe da kuka. Ina gode mata har gobe, domin daga ranar ba ta koma gidanta ba sai da aka ga ƙarshen abin, amma hayaƙin nan ban yafe shi da wuri ba.

Shawara kuwa ta yi yawa. Wani ya ce rubutun sha, aka yi, sai dai ba ta sha sai bayan magariba, shi ma sai ta tambayi ko tawadar halal ce. Wata maƙwabciya ta ce kambun baka ne. Surukina ya aiko da zuma da man shanu. Babu wanda ya tambayi asalin sittin ɗin, domin kowa ya san Malam Akawu ne ya yanke hukunci, shi kuwa ba ya kuskure.

A mako na bakwai muka kai ta asibiti cikin motar wani maƙwabcinmu mai sayen gyaɗa, Allah ya saka masa. Mun isa ƙarfe bakwai saura kwata, muka karɓi kati, ba a kira mu ba sai ƙarfe ɗaya da rabi. Layin mata ya zagaye baranda, ga yayyafi, ga masu goyo suna kuka, ga Hauwa ta rufe bakinta da gefen mayafi kada ɗigo ya shiga. Malamin asibiti ya duba idonta ya ce jininta ya yi ƙasa. Ya ɗauko allura, ta ce sai dai a kashe ta, allura tana karya azumi. Ya ba da ruwan magani a kwalba, a sha safe da rana da yamma. Na yi masa bayani cewa ba ta cin kome da rana. Ya ce, "Baba, ni magani na sani, ga mutane suna jira." Ban ga laifinsa ba, akwai mata fiye da yadda zai iya gani a bayanmu, amma na fito raina a ɓace. Kwalbar nan ta ƙare a kan bango, ba a sha rabinta ba.

Daga nan hankalinta ya fara gushewa. Takan kira Saudatu da sunan uwar ita Hauwa, wadda ta rasu tun zamanin yunwa. Takan tsaya tsakiyar salla ta sake kabbara, sau biyar, sau goma, har lokaci ya fita. Wata rana da la'asar na same ta ta riƙe bakin rijiya tana leƙawa. Na ce me take nema. Ta ce, "Malam, in mutum ya mutu da bashin azumi, ana karɓar sallarsa?" A ranar na sa aka yi wa rijiyar murfi da kwaɗo. Na yi wa rijiya murfi, amma ban buɗe bakina na faɗi abin da ya kamata ba.

Sai Babbar Salla ta zo, ƙwallaye goma sha tara a ƙwarya. Ban yi wannan lissafin ba, ni da nake taƙama da lissafi. Azumi ranar Salla haramun ne, Hauwa ta sani. In ta ci, jerin ya katse. In ta ƙi ci, ta saɓa wa Allah. Na dawo daga idi, na yanka rago, Yaya Delu ta gasa hanta ta kai mata. Hauwa ta karɓi tsokar ta riƙe. Ta kai baki, ta janye. Ta kai, ta janye. Tana dubana tana cewa, "Malam, wanne zan yi? Ka faɗa mini wanne zan yi." Na tsaya kamar gunki. Tun hantsi take riƙe da tsokar nan har azahar, sa'an nan ta sulale ta faɗi.

Kwana biyar ta yi a ɗakin mata na asibiti. A nan kam sai godiya: wata Sista mai jinya ta zauna tana ba ta madara da cokali, tana lallashinta kamar jaririya, ko da yake rabi yana komawa cikin kwano. A rana ta uku likita, wani Bature mai furfura, ya kira ni baranda. Da ya ji ina jin harshensu sai ya sallami tafinta. Ya ce ya duba ƙirjinta da cikinta bai sami cuta ba. Ya ce yunwa mai tsawo da rashin barci suna iya rikita hankalin kowa, kuma mai yin azumi a wannan hali ba ya ƙara samun natsuwa, sai dai tsoronsa ya ƙaru. Sa'an nan ya cire tabarau ya dube ni, ya yi tambayar da har yau take kunnena: "Wane ne ya tsorata matar nan?"

Na ce ban sani ba. Shekarata sittin da takwas a lokacin, ban tuna ranar da na yi wa wani ƙarya ido da ido kafin wannan ba.

Muka dawo gida, kashegari ta sake ɗaura niyya.

Yaya Delu ce ta tilasta mini zuwa wurin Malam Isiyaku na unguwarsu, tsohon da na sha wucewa ta ƙofar zaurensa ina raina tarkacen takardunsa. Na tafi da hantsi. Na faɗa masa kome. Ya saurara idonsa a rufe, sa'an nan ya ce, "Malam Akawu, babin azumin nan a gaban wa ka karanta shi?"

"Ni kaɗai na karanta, Allah gafarta Malam."

"Ai ga alama."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ɗanɗana miya ga mai azumi abin ƙi ne kawai. In an tofar ba kome. In wani abu ya wuce ba da nufi ba, ramuwar kwana ɗaya ce. Kaffara tana kan wanda ya keta alfarmar wata da gangan, yana sane. Ko a inda ta wajaba ma, ba a ɗaure mutum da azumi ba. Ciyar da miskinai sittin yana cikin zaɓi, shi ne ma malamanmu suka fi so. Wanda kuwa kokwanto ya aure shi, maganinsa ya daina sauraron kokwanton. "Duk wannan yana shafin da ke bin wanda ka karanta," in ji shi. "Ka tsaya inda horo yake, ba ka juya ka ga inda sauƙi yake ba."

Na roƙe shi ya zo ya faɗa mata da bakinsa. Ya zo ranar Laraba, goma ga watan Agusta, mako goma sha uku cif daga ranar miyar. Aka yi masa shimfiɗa a ƙofar ɗakinta, asabari a tsakaninsu, Saudatu da Yaya Delu suna ciki, ni ina tsaye a gefe. Ya maimaita mata duk abin da ya faɗa mini, cikin taushin murya. Da ya gama sai muka ji muryarta, siririya kamar zare.

"Allah gafarta Malam, na gode. Amma tausayina kuke ji. Maigidana ya gani da idonsa na haɗiye. Shekara arba'in muna tare, bai taɓa faɗin abin da ba daidai ba."

Malam Isiyaku ya juyo ya dube ni, ya ci gaba da dubana.

A nan ne na gane ba wanda zai iya kwance ta sai wanda ya ɗaure ta. Na kuma san abin da zan faɗa, domin tun ranar farko na san shi. Na durƙusa a bakin asabarin, abin da ban taɓa yi ba, na ce:

"Hauwa, ki saurare ni, ga shaidu. Ban gani ba. A ranar tabarauna yana cikin aljihu, rana kuma tana dukan idona. Daga inda nake zaune ko ludayin da ƙyar nake gani. Ƙishirwa ce ta dame ni, ga kaina yana sarawa don rashin goro, ina neman wanda zan huce a kansa. Kika yi dariya, na ji haushi. Hukuncin ma ban karanta shi ya kai ƙarshe ba. Na yi kuskure, na kuma ɓoye shi don kada a ce na yi kuskure."

Can sai aka ɗaga asabarin. Hauwa ce, ta dafa bango, idanunta sun faɗa, amma a karo na farko cikin makonni da yawa ni take kallo, ba ƙwarya ba.

"Ba ka gani ba?"

"Ban gani ba."

"Ranar da na juye ƙwarya a kwana na sha ɗaya, ka sani ba ka gani ba?"

"Na sani."

"Ranar Salla, ina riƙe da hantar nan ina tambayarka?"

Na sunkuyar da kai.

"Wata uku, Malam. Wata uku ina tofar da yawuna a kasko kamar mai tarin fuka, kana zaure kana juya takarda!"

Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Yaya Delu ta ce, "Ƙara masa, 'yar uwa, ai bai ji ba." Malam Isiyaku ya ce, "Alhamdu lillahi, wanda ya iya faɗa ya kama hanyar warkewa." Hauwa ta tsaya tana haki. Sa'an nan ta juya ta ce, "Saudatu, miƙo mini ruwa." Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma na safe. Ta sha moɗa guda ba ta sauke ba.

Kada wani ya zaci ciwon ya tafi a ranar. Mako biyu cikinta bai karɓi kome ba sai kunu da madara. Barci ya dawo da kaɗan-kaɗan. Sau da yawa takan tashi ta nufi inda ƙwaryar take, sai Yaya Delu ta ce, "Ina zuwa?" ta dawo ta zauna. Malam Isiyaku ya hana ta kowane azumin nafila har wata shida, ya ce in kokwanto ya zo mata a salla ta ci gaba abinta kada ta sake kabbara. Ta ce duk da haka ranta ba zai kwanta ba sai ta ciyar. Ya ce sadaka ba ta da laifi, muddin ta san ba bashi take biya ba. Da ta sami ƙarfi ta tuƙa tuwon dawa da kanta, aka raba wa mabukata sittin. Da miyar ta nuna ta aiko Saudatu da ludayi har zaure, ta ce a ba mai ido ya ji gishiri. Ƙwallayen dabinon kuwa Yaya Delu ta watsa su a murhu.

Abin da na fahimta, a kurarren lokaci, shi ne wannan. Na ga azumi ya sanyaya zuciyar matar nan shekara da shekaru, na kuma ga ya kusa raba ta da hankalinta cikin wata uku. Yunwar iri ɗaya ce. Na farko ta yi shi da yarda, na biyu da tsoro, ni ne kuma na zuba tsoron. Wanda ya ga mai azumi a gidansa ya daina barci, ya daina dariya, ya shiga maimaita abu ɗaya, kada ya tsaya yabon ƙoƙarinsa; ya nemi malami na gaske da likita tun mako na farko. Wanda kuma azumi yake sa wa zafin rai da yamma, ya kama bakinsa har a sha ruwa. Ni yanzu kowace safiya ina zaune a zauren Malam Isiyaku, a sahun baya, agogona a aljihu. Mun yi wata biyu a babi ɗaya.

Hauwa ta warke cikin watan Safar. Da wata shidan ya cika ta koma azuminta na Litinin da Alhamis, ta yi Ramalan na bara da na bana cikakku. Har yau ba ta sake tambayata hukuncin kome ba.